Darasi na Goma Sha Biyu: Dabarun Ɗinkin Hular Shaho

Manufar darasi

Wannan darasi ya ƙunshi bayani a kan wani ɗan ƙaramin reshe na dukanci wanda ya bunƙasa a ƙasashen Larabawa da Turai da tsakiyar Asiya, wato ɗinkin hular fata da ake rufe kan shahon farauta da ita. Ana sa ran bayan kammala shi mai karatu zai iya bayyana dalilin da ya sa ake sanya wa tsuntsu hula, ya rarrabe manyan nau'o'inta, ya san fatar da ta dace da kayan aikin da ake bukata, sannan ya fahimci hanyoyin ɗinki huɗu da ake haɗa ta da su. Tushen darasin shi ne cewa kyan wannan hula daga cikinta ake auna shi, domin mai sanya ta tsuntsu ne da ba ya iya faɗin inda take matsa masa, kuma tsakanin fatar da ƙwayar idonsa tazarar ba ta wuce 'yan milimita ba.

1. Farauta da shaho da dalilin rufe masa ido

Farauta da tsuntsu tsohuwar al'ada ce, inda mafarauci yake horar da shaho ko gaggafa har ya saba da zama a hannunsa, ya sake shi ya kamo tsuntsu ko zomo, sannan ya kira shi ya dawo. Duk da cewa ba ta cikin hanyoyin da mafarautan ƙasar Hausa suka shahara da su, inda aka fi sanin kare da kwari da baka da tarko, almajiran ilimi sun daɗe da sanin hukuncinta, saboda aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kama, kuma littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, ya ambaci horarren shaho tare da horarren kare a babin yanka da farauta. A shekarar 2010 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin jerin gadon ɗan Adam bisa buƙatar ƙasashe 11, cikinsu har da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Saudiyya da Ƙatar da Maroko da Faransa da Mongoliya, kuma zuwa shekarar 2021 adadin ƙasashen ya kai 24.

Shaho da rana yake farauta, kuma rayuwarsa duka a kan gani ta dogara. Idanunsa manya ne ƙwarai idan aka kwatanta da girman kansa, kuma a cikin kowane ido akwai gurbi biyu na kaifin gani, alhali ɗan Adam guda ɗaya gare shi. Wannan baiwa ita ce kuma silar firgitarsa idan yana hannun mutane, domin motsin kare ko giftawar mota ko ɗaga hannun baƙo na iya sa shi ya zabura daga hannun mai shi, ya rataye a madaurin ƙafarsa yana fuffuka har gashin fiffikensa ya karye. Da zarar duhu ya rufe masa ido sai ya natsu, ya zauna shiru kamar dare ya yi. Saboda haka ake sanya masa hula a farkon horo, da lokacin tafiya, da wurin likitan dabbobi, da kuma a fagen farauta, inda ba a cire ta sai abin da ake so ya kama ya bayyana.

Sarki Firedarik na Biyu, wanda ya mulki Sisili da Jamus kuma ya rayu daga 1194 zuwa 1250, ya rubuta babban littafi da harshen Latin a kan farauta da tsuntsaye mai suna De arte venandi cum avibus, kuma a ciki ya bayyana cewa daga wajen Larabawa ya koyi amfani da hula, lokacin da ya je Gabas ta Tsakiya tsakanin 1228 da 1229. Hanyar da aka saba da ita a Turai kafin nan ita ce a ɗinke fatar idon sabon tsuntsu da siririn zare na ɗan lokaci, don haka zuwan hula ya sauƙaƙa wa tsuntsun wahala, ya kuma ɗora wa baduku nauyin tsare lafiyar idon.

2. Manyan nau'o'in hula

Hular Larabawa, wadda suke kira burƙu'i, da fata guda ɗaya mai laushi ake yin ta, kuma bayanta a rufe yake, sai dai an tsattsaga shi an zura zariya, wato siririn tsirin fata da ake ja don tsuke hula, ta yadda idan aka ja sai bayan ya tattare ya kama wuya. Ba ta da nauyi, kuma ita ce ake gani a kasuwar shaho ta Suƙ Waƙif da ke Doha da sauran garuruwan yankin Tekun Fasha, inda ake farautar hubara, tsuntsuwa 'yar dangin tuje.

Hular Indiya ita ma fata guda ce, amma tana da faffaɗar ƙofar baki, kuma ba a tsuke ta da zariya. Turawan Ingila sun ɗauki fasalinta, suka tsaga bayanta suka sanya mata zariya irin ta Turai, aka sami nau'in da ake kira hular Ingila da Indiya, wadda ita ce masu koyo suka fi farawa da ita saboda ɗinkinta layi biyu ne kawai, ɗaya a kowane gefe.

Hular Holan ta fi sauran wuyar yi, domin da yanki uku ake haɗa ta: dogon yanki na tsakiya wanda ya taso daga maƙogwaro ya bi ta goshi ya sauka ƙeya, da yankuna biyu na gefe masu rufe idanu. Bayan an ɗinka ta ana jiƙa ta a ɗora a kan wani itace da aka sassaƙa da siffar kan tsuntsu, ta bushe a kai ta yi tauri. Ta yi suna ne daga garin Valkenswaard na ƙasar Holan, inda aka shafe ƙarnuka ana kama shahunan da ke ƙaura a lokacin kaka ana sayar wa fadodin sarakunan Turai, kuma iyalin Mollen, musamman Adriaan da ɗansa Karel wanda ya rasu a 1935, sun shahara da yin ta. A can tsakiyar Asiya kuma Kazakawa, waɗanda ke farautar yanyawa da zomo da gaggafa a Kazakistan da yammacin Mongoliya, suna da tasu babbar hula mai kaurin fata da suke kira tomaga.

3. Zaɓen fata

Fatar da ta dace ita ce wadda aka jeme da sinadarin tsirrai, irin jimar da majema suke yi da bagaruwa, domin irin wannan fata idan ta sha ruwa tana karɓar siffar da aka ba ta, idan ta bushe kuma ta riƙe siffar. Fatar masana'anta da aka jeme da sinadarin kurom ba ta da wannan hali, sai ta koma yadda take ta kwanta a kan idon tsuntsu. Masu sana'ar sun fi amfani da fatar ɗan maraƙi da ta kangaru, mai kaurin kimanin milimita 1, wadda ake rage wa kauri idan tsuntsun ƙarami ne, a ƙara idan gaggafa ce. Ana yanko sassan hula daga wajen gadon bayan fatar, inda ta fi tsauri da daidaito, a guji wajen ciki da hammata saboda yawan miƙewarsu.

Kowace fata tana da fuska, wato ɓangaren da gashi ya fito, wanda yake da santsi da ƙarfi, da kuma ɓangaren nama, wanda yake da laushi da ɗan kaushi. Fuska ce take kallon waje, ita ce kuma ake yi wa rini da ado, ɓangaren nama kuwa shi ne yake haɗuwa da gashin tsuntsu, don haka ana barin sa ba rini, ba mai, ba gam mai wari, kuma idan yana da kaushi sai a goge shi har ya kwanta. A nan ne dukawan ƙasar Hausa suke da abin da duniya ta daɗe da shaidawa, wato fatar jar akuyar Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ƙetara hamada da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Laushinta da ƙarfinta sun sa ta dace da zariya da kalmasar bakin hula da hula mai laushi, amma jikin hular Holan, wanda ake so ya tsaya da kansa, ya fi son fatar maraƙi.

4. Kayan aiki

Kayan aikin ba su da yawa, sai dai ana son kowannensu ya zama siriri kuma mai kaifi. Ana buƙatar aska ko reza don yanka da fere gefen fata, da ƙaramin almakashi mai lanƙwasa don gyaran ƙofar baki, da basilla mai siririn tsini don huji, da kamfas da rula don awo, da allurai biyu marasa tsini sosai, da hantsaki don jawo zariya ta cikin tsaga, da ɗan ƙashi mai santsi don goge ɗinki. Dalilin dakusar da allura shi ne basilla ce take buɗe hanya, allura kuwa bin hanyar kawai take yi, kuma mai kaifi tana iya soke zaren da ya riga ya shiga ko ta ɓalla sabon huji a inda ba a so. Zaren da ake amfani da shi siriri ne mai ƙarfi, na lilin ko na roba, wanda ake shafa wa kakin zuma domin ya bi huji ba tare da ya tsefe ba, ya kuma toshe ɗan sararin da ya rage a bayansa.

5. Awo da yanka

Babu hula guda da za ta dace da kowane shaho, domin ko a jinsi ɗaya macen ta fi namijin girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma bambancin milimita 1 ko 2 ya isa ya sa hula ta matse ko ta yi sako-sako. Babban awo shi ne faɗin kai daga gefe zuwa gefe a daidai bayan idanu, kuma daga shi ake ƙara ko rage girman samfuri, wato zanen sassan hula a kan takarda mai kauri. Wani mai zane ɗan ƙasar Holan, H. J. Slijper, ya tsara hanyar fitar da samfurin hula mai fata guda da kamfas da rula daga awon kan tsuntsu, kuma masu sana'ar da yawa suna bin ta.

Ana ninke takarda gida biyu a yanke samfurin domin hagu da dama su zama daidai, sannan a ɗora shi a ɓangaren nama a zana. Wajen yanka ana tsayar da aska a miƙe, a ja ta sau ɗaya, saboda gefen da aka yanka a karkace ko aka maimaita masa yanka ba zai haɗu da ɗan'uwansa ba tare da ya bar kafa ba. Ƙofar baki kuwa ana yanka ta ƙarama da gangan, domin ana iya faɗaɗa ta bayan gwaji, amma wadda ta yi yawa ba ta da magani.

6. Hanyoyin ɗinki

Ka'idar da ta bambanta wannan ɗinki da na jaka ko takalmi ita ce ba a son huji ya ratsa fata daga waje zuwa ciki, domin kowane huji irin wannan ƙofa ce ta haske, kuma shahon da ya hango ɗigon haske ba zai natsu ba. Saboda haka ɗinkin yana cin rabin kaurin fata ne kawai, ɗaya fuskar kuma a bar ta ba a taɓa ba. Kafin a fara ana ja layi da kamfas kimanin milimita 2 daga gefe, a ɗiga alamun huji a kansa da tazarar kimanin milimita 2, a kuma ƙidaya a tabbatar adadin hujin gefe biyun da za a haɗa ya zo daidai, musamman a hular Holan inda yanki mai lanƙwasa yake haɗuwa da miƙaƙƙe.

Hanya ta farko ita ce ɗinkin haɗa-baki, inda gefuna biyu suke karo da juna ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba. Ana kwantar da fata a bakin katako fuskarta tana sama, a karkata basilla, a soka ta a kan alama, a tura a hankali har tsininta ya ɓullo a tsakiyar kaurin gefen da aka yanka. A fata mai kaurin milimita 1 wannan yana nufin tsinin zai fito ne rabin milimita ƙasa da fuska, kuma a nan gwanintar take: idan basilla ta nutse da yawa sai ta ɓulla ta ɓangaren nama ta buɗe wa haske hanya, idan kuma ta yi sama da yawa sai 'yar fatar da ta rage ta yage da zarar an ja zare. Bayan an gama huji sai a zura zare da allura biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, tsawonsa kimanin ninki huɗu na layin da za a ɗinka. Kowace allura tana shiga ta fuskar gefe ɗaya, ta fito ta kauri, ta shiga kaurin ɗaya gefen, ta ɓullo ta fuskarsa, kuma alluran biyu suna bin huji ɗaya daga ɓangarori mabambanta. Wannan shi ne ɗinkin da masu sirdi suka dogara da shi, kuma fifikonsa a kan na keke shi ne idan zare ɗaya ya tsinke ɗayan yana nan riƙe, ɗinkin ba ya warwarewa. Ana kiyaye cewa allurar da ta fara shiga a huji na farko ita ce za ta riƙa farawa har ƙarshe, domin layin ya kwanta a jere. Jan zare kuwa ana tsayar da shi daidai lokacin da gefunan suka haɗu, saboda idan aka wuce haka fata za ta tattare ta yi tudu, idan kuma aka gaza sai kafa ta buɗe.

Hanya ta biyu ita ce ɗinkin juyi, wanda aka san hular Holan ta gargajiya da shi. A nan ana ɗinka hular a birkice, ɓangaren nama yana waje, basilla tana shiga ta ɓangaren nama ta fito ta kauri, fuska kuma ba a huda ta. Idan an gama sai a jiƙa hular har ta yi laushi, a fara tura tsakiyar kanta da babban yatsa ko sanda mai dunƙulallen kai, a bi da ita a hankali ta ƙofar wuya har fuska ta dawo waje. Amfanin wannan hanya shi ne zare ba ya bayyana a waje, kuma idan an lulluɓe yankunan ido da ƙyalle mai launi irin karammiski ko mulufi, bakin ƙyallen yana shigewa cikin ɗinkin ya ɓuya. Haɗarinta kuwa shi ne zaren ya koma ciki, don haka wajibi ne a goge layin da ƙashi har ya nutse cikin fata, a kuma tabbatar ya kewaye gurbin ido daga nesa.

Hanya ta uku ita ce ɗinkin saƙa, inda kowace allura take shiga tsakanin gefunan biyu ta fito ta hujin gefen da ke fuskantarta, ɗaya bayan ɗaya, har zaren ya fitar da jerin sarƙaƙƙiya a bisa layin haɗi. Yana da sauƙin koyo da kyan gani, kuma yana jawo gefuna su kwanta daidai, amma da yake zaren yana gilmawa ta tsakaninsu yana iya barin 'yan kafofi, kuma idan aka yi hujin ya ratsa fata zaren zai fito a ciki. Don haka mai amfani da shi zai yi huji na rabin kauri, ya matso da tazara, ya kuma keɓe shi ga wuraren da suka yi nisa da ido.

Hanya ta huɗu ita ce kalmasa, wadda ake yi wa bakin hula na ƙasa, mai kewaye wuya. Ana yanko tsirin fata mai laushi da faɗin kimanin santimita 1, a fere shi ya yi siriri, a ɗora fuskarsa a kan fuskar hula a ɗinke su a bakin gefe, sannan a naɗo shi ya lulluɓe gefen ya koma ciki, a manne da ɗan gam a datse abin da ya yi saura. Kalmasa tana hana bakin hula miƙewa, tana kuma hana kaifin gefe cin gashin wuya. A hular Ingila da Indiya akan maye gurbinta da siririn tsiri da ake zurawa ta jerin tsaga kewaye da bakin.

Duk hanyar da aka bi, ana fara ɗinki daga gaba a nufi ƙeya, domin idan gefe ɗaya ya ɗan fi tsawo a datse shi a baya inda ba ya cutarwa. Ba a ƙulla zare a cikin hula ko kaɗan. Ana rufe ɗinki ne ta komawa baya huji biyu ko uku, a yanke zaren dab da fata, kuma idan na roba ne ana iya narka ƙarshensa da ɗan zafi, amma a waje kawai, saboda dunƙulen narkakken zare yana da tauri da kaifi.

7. Ba da siffa da gyaran ƙofar baki

Dabarar jiƙa fata a ɗora ta a kan wani abu ta ɗauki siffarsa sananniya ce ga masu yin tandu, waɗanda suke gina shi a kan yumɓu. A hular Holan ana amfani da kan itace wanda aka sassaƙa masa tudu a daidai idanu, domin fatar ta kumbura waje ta bar wa ido sarari. Ana jiƙa hula da ruwa mai ɗan ɗumi, a sanya ta a kan itacen, a bi ta da ƙashi ana gogewa, a bar ta a inuwa kimanin kwana guda, domin rana ko wuta suna ƙanƙance fata su sa ta tsage. Hular da ba a ɗora ta a itace ita ma ana ɗan jiƙa ta a turo gurbin idanu waje da yatsa.

Ƙofar baki ita ce wurin da hula ta fi yawan jawo rauni. A gindin bakin shaho akwai tattausar fata inda kafofin hancinsa suke, kuma ba a son gefen hula ya goge ta ko ya toshe hancin, haka nan ba a son ya shiga kusurwar baki. Bugu da ƙari, shaho yana amayar da dunƙulen gashi da ƙashin abin da ya ci bayan wasu sa'o'i, don haka dole ƙofar ta ba shi damar wage baki sosai, in ba haka ba dunƙulen zai iya shaƙe shi. Ana faɗaɗa ƙofar kaɗan-kaɗan da almakashi, a fere gefenta ta ciki, a goge ya yi sumul.

8. Zariya da tuntu

A hular da bayanta yake a tsage ana yin tsaga uku a kowane gefe, a zura zariya biyu masu ƙarfi. Kowace zariya ana kafe ta a gefe ɗaya, gajeren ƙarshenta mai ƙulli ya tsaya a nan, dogon ƙarshen kuma ya ƙetare ya fita ta tsagar ɗaya gefen. Idan aka ja dogayen biyu hula ta tsuke, idan aka ja gajerun masu ƙulli ta buɗe. Wannan tsari ya samo asali ne daga yadda ake riƙe tsuntsu, domin mai shaho yana ɗauke da shi a hannu ɗaya, ɗaya hannun kaɗai ya rage masa, sai ya kama zariya ɗaya da yatsu, ɗayar da haƙori, kuma ƙullin ne yake sanar da shi wadda ya kama ba sai ya duba ba. Ana yin tsagar ta ɗan matse zariya domin kada ta zame da kanta, amma ba matsewar da za ta sa a fizgi kan tsuntsu wajen buɗewa ba.

Tuntu shi ne abin da yake tsaye a tsakiyar kan hula, kuma ko da yake ana ƙawata shi da gashin tsuntsu ko saƙaƙƙen ƙullin fata, ainihin aikinsa shi ne mariƙi da ake sanya hula da cire ta da shi. Tunda gindinsa yana shiga ciki ta 'yan tsaga, ana kwantar da shi ya yi lebur, a kuma tabbatar tsagar ta kama shi ba ta bar haske ba.

9. Gwaji da kulawa

Gwaji na farko ana yin sa kafin hula ta kusanci tsuntsu: a shiga ɗaki mai duhu, a haska tocila a cikinta, a bi layukan ɗinki da ido, duk inda haske ya ɓullo a gyara shi. Na biyu shi ne a zagaya cikinta da ɗan yatsa, a nemi tudu ko tsinin zare ko busasshen gam. Na uku tsuntsun ne da kansa yake yanke hukunci. Idan bayan an cire hula aka ga danshi a daidai gurbin ido, to fata tana taɓa idon, kuma ba a sake sanya masa ita sai an gyara. Idan yana yawan girgiza kai ko sosa ta da ƙafa, akwai inda take damunsa, idan kuma yana bin motsin hannu da kai, alama ce yana gani. Ana kuma duba cewa zariya ba ta cafke gashin ƙeya ba, kuma tsuntsun ba ya iya tuɓe hular da farcensa.

Ana ajiye hula a buɗe, a rataye ko a kan itacenta, nesa da danshi da zafin rana, a riƙa goge jini da ragowar nama daga ƙofar baki, kuma ba a yi wa tsuntsaye biyu hula ɗaya saboda gudun yaɗa cuta. Ya kamata kuma mai koyo ya san cewa cinikin shaho tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ta tsara fataucin namun daji, don haka koyon wannan ɗinki bai ba kowa izinin kama shahon daji ba, kuma ana iya ƙwarewa a kansa da kan itace kaɗai.

Taƙaitawa

Hular shaho tana da sharuɗɗa uku da kowane mataki na aikinta yake komawa gare su: ta hana haske shiga, kada ta taɓa ido, kuma ta bar hanci da baki a sake. Fatar jimar tsirrai, da huji na rabin kauri, da zare mai kaki, da rufe ɗinki ba ƙulli, da ƙofar baki da aka gyara a hankali, duk hanyoyi ne na cika waɗannan sharuɗɗa, kuma badukun da ya iya su zai ga amfaninsu a sauran ƙananan ayyukan fata kamar kube da gidan laya.

Tambayoyi

1. A bayyana dalilin da ya sa duhu yake natsar da shaho, a kuma kawo lokuta uku da ake sanya masa hula.
2. Mene ne bambancin hular Larabawa da hular Holan ta fuskar yawan sassa da yadda ake tsuke su?
3. Me ya sa fatar da aka jeme da bagaruwa ta fi wadda aka jeme da kurom dacewa da wannan aiki?
4. A kwatanta ɗinkin haɗa-baki da ɗinkin juyi, a faɗi amfani da haɗarin kowannensu.
5. Me danshi a cikin hula yake nunawa, kuma wane mataki ya kamata a ɗauka?

Aikin gwaji

A yanko tsiri biyu na fata mai kaurin milimita 1 da tsawon santimita 10, a ɗiga musu alamu da tazarar milimita 2, a huda su huji na rabin kauri, a haɗa su da ɗinkin haɗa-baki da allura biyu. Bayan an gama a haska tocila a bayan layin, a ƙidaya wuraren da haske ya ɓullo, a maimaita aikin har sai an sami layin da bai bar haske ko ɗaya ba.